Sallama ta Uku

A zamanin da kwalta ta fara cin daji, an yi wani malamin safiyo ana ce masa Anaruwa. Aikinsa bai wuce riƙon takarda ba. Manya su auna ƙasa su kafa turaku, shi kuma ya cike gurabe: faɗin wuri kaza, tsawonsa kaza, akwai ruwa ko babu. Mutum ne mai ladabi, irin ladabin da ba ya hana komai faruwa.

Wata rana aka tura shi Kurmin Ɓaure, inda wani kamfani zai gina gidaje ɗari huɗu. A ƙasan takardar akwai gurbin da aka rubuta "Mazauna wurin". Anaruwa ya sauka daga mota rana tsaka, ya tsaya a bakin kurmin, ya gyara hula, ya ce, "Salamu alaikum." Shiru. Ya sake, shiru. Ya yi ta uku har da ɗaga murya, ko ganye bai motsa ba. Sai ya ɗora takardar a cinya ya rubuta: Ba kowa. Ya kai ofis aka buga hatimi.

Katafila goma sha biyu suka shiga kurmin, cikin kwana arba'in suka mai da shi fili. Aka jera gidaje, aka raɗa wa layuka suna: Layin Barewa, Layin Gauraka, Layin Giwa. Ɗan Adam yana son dabba ƙwarai, in dai a jikin allo take. Shi ma Anaruwa aka ba shi mai ɗaki biyu a ƙarshen Layin Barewa, ya tare da matarsa Tasalla. Shekara talatin da ɗaya ke nan suna tare, su biyu rak.

Ran kwana na bakwai da tarewarsu ya dawo daga sallar azahar, ya yi sallama a ƙofar gida. Tasalla ta leƙo da faifai a hannu, ta dubi inda yake tsaye, idonta ya ratsa shi ya sauka kan katangar maƙwabta.

"Ikon Allah," in ji ta. "Na ɗauka motsi na ji. Ba kowa."

Ya kira sunanta, ya kama mata hannu, ta sosa wurin kamar ƙuda ne ya sauka. A masallaci sahu ya riƙa haɗewa ta kansa. A kasuwa mai kura ya bi ta cikinsa bai ce gafara ba. Anaruwa bai yi ihu ba, bai yi kuka ba. Ji ya yi duk jikinsa ya zama kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta.

Aka yi cigiya a rediyo, aka duba asibiti da rijiyoyi. Tasalla kullum sai ta zuba masa tuwo ta rufe, da safe ta watsa wa kaji. Yana zaune yana kallonta. Bayan wata uku wanta Cindo ya zo daga ƙauye, ya zauna kan tabarma, kusan a kan cinyar Anaruwa.

"Tasalla, mutum ba allura ba ne. Ran Juma'a zan zo da mota, ki haɗa kayanki."

"Yaya, in ya dawo ya tarar da gida a kulle fa?"

"Da zai dawo da ya dawo. Haka za ki zauna kina kiwata kaji da tuwon miji? Dubi wuyansu, sun fi ki ƙiba."

Ranar Litinin ce. Anaruwa ya fita ya zauna a bakin sabon titi, don ba shi da wurin zuwa. Can ya ga wata bushiya a gefen kwalta, ta miƙa hanci ta janye, ta miƙa ta janye. Don sabo kawai ya yi mata sallama.

"Wa alaikumus salam, Malam Anaruwa," in ji bushiya. "Sannu da zuwa cikinmu."

Wata uku rabonsa da a amsa masa. Ya jira ya ji daɗi, daɗin bai zo ba.

"Me kike yi a nan?"

"Kwana uku ina neman ƙetarewa. Rafin da uwata ta nuna mini yana can."

"An cike shi. Wurin wankin mota ne yanzu."

"Na sani. Ƙafafuna ne ba su sani ba. Ƙetare da ni, in gaya maka inda za ka kai ƙara."

Ya sa ta cikin hula ya ƙetare da ita. Ta daɗe tana kallon kumfar sabulu tana bin siminti, sa'an nan ta ce, "Duk abin da aka rubuta wa ba kowa, Ƙasar Bakowa yake komawa. Hannun da ya rubuta shi ma alƙalami bai tsallake shi ba. Ka shiga kwalbatin can, kada ka waiwaya. In ka isa, ka nemi Magajiyar Kurmi."

Anaruwa ya durƙusa ya shiga kwalbati. Ya yi ta rarrafe cikin leda da tsumma har gwiwoyinsa suka sale, sai ya fito a bakin wani teku baƙi ƙirin, yana tafasa yana huci, ba a hango gaɓarsa. Kwalta ce tsagwaronta. A bakin tekun ga dabbobi birjik, zomaye da diloli da tunku da macizai, kowanne a shimfiɗe kamar buzu, da zanen taya a gadon bayansa. Wani damo mai faɗin tabarma ya ja jiki ya zo gabansa.

"Ya kai ɗan Adam, mu ne Shimfiɗaɗɗu, waɗanda titi ya riska a tsakiyar hanya. Ba jirgin da ke ratsa tekun nan, sai dai mu jeru ka taka mu."

"Ina jin nauyin in taka ku."

"Kada ka ji. Mun saba, kuma kai ba ka kai tirela ba. Sharaɗi ɗaya ne: duk wanda za ka ɗora wa ƙafa, ka kira sunansa. Wanda ka kasa, nutsewa zai yi, da shi da abin da ke kansa."

Suka jeru a kan kwalta, ya fara tafiya. Zomo, ya taka. Dila, ya taka. Guza, yanyawa, gafiya, kunkuru, kasa, tsari. Ya yi mamakin yawan sunayen da ke kansa, shi da bai taɓa rubuta ko ɗaya a takarda ba. A tsakiyar teku ya iske wata 'yar halitta mai ratsin ja a wuya, mai dogayen yatsu.

"Wace ce ni, ɗan Adam?"

Ya duba, ya sake dubawa. "Wallahi ban taɓa ganin irinki ba."

"Ba laifi. Ni ce ta ƙarshe, sunan ma ba shi da sauran aiki."

Ta nutse ba ko kumfa. Ƙafarsa ta hagu ta bi ta har idon sawu. Ya fizgo ta ba takalmi, ba yatsu biyu. Ya dubi wurin kamar ƙafar wani ce, ya kira sunan na gaba, ya ci gaba da ɗingishi.

Da ya hau tudu sai ya shiga wani daji na turakun ƙarfe, kowanne da fitila a kansa, ga wayoyi sun sarƙe sama. Tsuntsaye ne a kan wayoyin, dubu bisa dubu, suna ta kuka. Wannan yana yin ham ɗin mota, wancan yana yin janareta, wata kanari tana ta ƙarar wayar hannu ba mai ɗauka. Wani gauraka da tukkunsa ya ƙone ya sauko ya tare hanya.

"Tsaya nan, bil'adama. Mun zauna kusa da ku har bakinku ya shiga namu. Ba mai wucewa sai ya tuna mana kukan ɗaya daga cikinmu."

Anaruwa ya yi shekara talatin yana shiga daji, amma kunnensa na wurin mai faɗa masa lambobin awo. Ya lalubi kansa bai sami komai ba. Can ya tuna Tasalla: in tana daka, kurciya ta sauka a katanga, takan tsaya da taɓarya ta kwaikwaye ta, ta ce gulmar maƙwabta suke yi. Ya haɗa tafin hannuwansa ya busa yadda take yi, sau biyu a hankali, sau ɗaya a ja.

Dajin ya yi tsit. Kurciyoyi suka juyo gaba ɗaya. Wata tsohuwa a cikinsu ta kumbura wuya ta gwada, sai ƙarar babur ta fito.

"Ya isa," in ji gauraka. "Wuce. Kada ka sake, ciwo yake musu."

Ya wuce, ya yi ta tafiya har ya ci karo da katangar bulo, daga gabas har yamma, an dasa mata fasassun kwalabe a ka. Wata tsohuwar giwa tana tsaye ta jingina goshi da katangar. Gara ta yi gini har gwiwarta.

"Ranki ya daɗe, me kike jira?"

"Hanyar uwayena ta nan ta bi."

"Ai kina da ƙarfin ture ta."

"Na ture bakwai. Bayan kowace akwai wata." Ba ta ɗaga goshi ba. Ta miƙo dogon hancinta ta naɗe shi, ta ɗaga shi sama da kwalaben, ta dire shi a ɗaya gefen kamar an sauke tulu.

A nan ya ga fili fetal, ƙasa ja, ba ciyawa, sai ɓaure guda ɗaya tal a tsakiya. Aljanun Kurmin Ɓaure duka a kansa suke. Cikin kowane ɗan ɓaure akwai iyali guda a cushe, ana jin tari da kukan jarirai da faɗan wurin shanya. A gindin bishiyar wata mace tana zaune kan kututture. Gashinta saiwoyi ne da sauran ƙasa a jiki, rabin fuskarta gawayi, idanunta kamar rijiyoyin da suka ƙafe. Anaruwa ya cire takalminsa guda ya zube.

"Allah ya ja zamanin Magajiyar Kurmi."

"An riga an yanke shi da zarto. Faɗi abin da ya kawo ka, ya kai mai alƙalami."

"Ranki ya daɗe, an shafe ni. Matata tana dubana ba ta ganina, ran Juma'a kuma za a tafi da ita. Ban zalunci kowa ba. Na yi sallama sau uku, shaidata Allah, ba a amsa ba."

"Mun ji ka. Rana tsaka ce, 'ya'yanmu na barci. Kuma mun ga turaku masu jan fenti a bayan motarka. Muka ce a yi shiru, wannan da alama ɗan mutunci ne, ya san abin da shiru yake nufi." Ta karkato da rabin fuskar da bai ƙone ba. "An ce ka yi karatu, na allo da na boko. Gaya wa taron nan: in mutum ya yi sallama sau uku a ƙofar gida ba a amsa ba, me yake yi?"

Anaruwa ya sunkuyar da kai. "Komawa yake yi."

"Ɗaga murya, na saman reshe ba su ji ba."

"Komawa yake yi."

"Ka koma?"

"Na koma, ranki ya daɗe. Na dawo da katafila goma sha biyu."

Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya zage shi. Wani jariri ya ci gaba da tari a cikin ɓaure.

"A ba ni takardar in goge," in ji Anaruwa.

"Goge ta ka ga ko kanya ɗaya za ta tsiro. Abin da aka buga wa hatimi ya wuce mu, mu aljanu ne kawai." Sa'an nan ta ƙara da cewa, "Amma ka yi sallama. Waɗanda suka zo bayanka ko ita ba su yi ba. Saboda haka ga abin da za mu ba ka. Zaɓi kunnen mutum ɗaya a duniya, mu buɗe maka shi."

"Na Tasalla."

"An buɗe. Sallama uku gare ka, ba ƙari, kuma ban da sallama ba abin da za ta ji daga bakinka. In ta amsa ɗaya, ka koma mutum, kowa ya gan ka. In ka yi ta uku ba ta amsa ba, ka yi abin da ya kamata ka yi tun farko. Ka juyo nan, za a matsa maka a wani reshe. Ka yarda?"

"Na yarda."

Ta hura masa toka a fuska. Ya buɗe ido ya gan shi a ƙofar gidansa, ran Juma'a da hantsi. Akori-kura tana tsaye an loda gado da turmi da tukwane, kaji a cikin kwando. Tasalla tana tsakar gida tana ɗaure ƙullin ƙarshe, Cindo yana tsaye a kanta yana duba agogo.

Anaruwa ya gyara murya. "Salamu alaikum."

Hannunta ya tsaya a kan ƙullin. Ba ta ɗago ba.

"Salamu alaikum."

Ta juyo, ta dubi daidai inda yake. Leɓenta ya buɗe. "Yaya, ka ji?"

"Me?"

"Kamar muryar Malam."

"A'uzu billahi! Kul kika amsa. Unguwar nan a kan kurmi aka gina ta, kowa ya sani. Muryar da ba ki ga mai ita ba, amsa ta ake yi? So kike su tafi da ke, in shiga uku da neman mai ruƙiyya? Ɗauki kayanki."

Tasalla ta ja mayafi ta toshe baki da shi. Idonta bai bar ƙofar ba.

Ta uku tana kan harshen Anaruwa. Sai ya yi lissafi irin na ma'aikaci: muddin bai faɗe ta ba, ba a ƙi amsa ta ba, kuma ba mai tilasta masa juyawa. Gara ya jira ranar da Cindo ba ya kusa, ranar da tsoro ya sake ta. Ya haɗiye ta, ya hau bayan mota ya zauna tsakanin turmi da kaji.

A Tungar Ɗinya, ƙauyen su Cindo, aka ba ta ɗaki a bayan gida. Anaruwa ya sami wuri a gefen ƙofa ya zauna. Ranar da Cindo ya tafi kasuwa, sai ya ga tana zazzaɓi, ya ce ba yau ba. Ranar da ta warke, ya ga akwai baƙi. Ranar da ba baƙi, ya ga tana cikin walwala, ya ce kada ya firgita ta. Damina ta zo ta wuce. Titi ya iso ƙauyen, aka sare ɗinyar da ake kiran garin da ita, shamuwa ta daina zuwa. Cindo ya rasu, aka yi sadakar arba'in. Gashin Tasalla ya yi fari, bayanta ya ranƙwafa. Shekara tara sallamar tana bakinsa kamar goron da aka tauna har ya daina ɗaci. Yana ganinta kullum, kuma ya daina lura da ita, kamar yadda ya saba tun yana mutum.

Wata rana da la'asar maƙwabciyarta Yelwa ta shigo, suka zauna suna tsintar wake. Yelwa ta kai baki kusa da kanta.

"Iya Tasalla! Na ce har yau kina tuna Malam?"

"Wa?"

"Malam! Maigidanki!"

"Oho." Tasalla ta yi magana da ƙarfi kamar mai kiran wani a gona. "Ranar da muka taso, sau biyu na ji sallamarsa, da kunnen nan nawa. Yaya ya hana ni. Na ce a raina, in ya yi ta uku zan amsa, ko aljani ne ya tafi da ni. Har muka hau mota ina saurare. Bai yi ba. Da ma haka yake, komai sai ya jira a ba shi takarda."

Anaruwa ya miƙe. Gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya zo gabanta ya tsaya, ya gyara hula, ya cika ƙirji.

"Salamu alaikum!"

Tasalla ta ɗauki wani wake mai huji ta duba, ta jefar.

"Kin ga ƙwarin bana?" in ji ta. "Rabin buhun nan ƙwari ne."

"Sai haƙuri, Iya!" Yelwa ta faɗa cikin kunnenta.

"Me?"

"Na ce sai haƙuri!"

A nan ne Anaruwa ya tuna cewa shekara biyu ke nan duk mai magana da ita sai ya yi ihu. Yana zaune a wurin aka fara, bai tambayi kansa dalili ba.

Ya tsaya iyakar tsayuwar da ta dace da baƙo a ƙofar mutane. Ta sheƙe waken, ƙaiƙayi ya bi ta cikinsa ya sauka a ƙasa. Ya dube ta sosai, karon farko cikin shekaru, ya ga ta rame. Daga nan ya juya, ya ɗingisa zuwa zaure, ya ja ƙyauren, ya kama hanyar titi.

Tasalla ta ɗaga kai ta gyara mayafi.

"Yelwa, tashi ki rufe mini ƙofar can. Iska ce ta buɗe ta."